Babin Ɗinkin Koma

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Ranar Asabar ya same mu a layin tikiti,
ni da Baba Eleodoro, hannunsa a kafaɗata,
sandarsa na ƙwanƙwasa dakalin silima
kamar mai tambaya ko masu gida na ciki.

Shekara tara ke nan da hasken idonsa ya yi ƙaura.
Littafin kuwa sau huɗu na karanta masa,
shafi ɗari bakwai, bangonsa ya sha man kifi:
labarin Ilvane, mai fito a Kogin Gishiri,
wadda ke haye da inuwoyin matattu
a kan ladan ƙwayar alkama ɗaya.

Aka kashe fitilu. Gare shi ba abin da ya sauya.
"Rayén, faɗa mini." Na sunkuya ga kunnensa.

Ilvane ta littafi tsohuwa ce mai haƙori shida,
mai tari, mai zagin iska in ta saɓa mata.
Ta majigi ko talatin ba ta kai ba,
gashi har gadon baya, gishiri bai taɓa shi ba.
Na ce, "Ga ta nan, Baba." Na ja bakina.

Dodon kogin, marubuci bai taɓa siffanta shi ba.
Layi ɗaya ya ba shi: ruwa ya yi tsit.
Layin nan ya hana Baba barci kwana biyu.
Su kuwa sun sa masa ƙaho da koren sulke,
haƙora kamar an jera wuƙaƙen mahauta.
Yaran bayanmu na dariya, gugguru cike da baki.

Sai ga gurbin babi na sha ɗaya.
Shafi talatin, ba yaƙi, ba tsafi,
tsohuwa a bakin gaɓa tana ɗinkin koma,
kowane ƙulli da sunan wanda ta haye da shi.
Baba ya shekara arba'in yana su a Corral.
Nan yakan ce in sassauta murya,
yatsunsa na ƙulla zaren da babu a kan bargo.

Sun yanke shi. Daga hadari sai fagen fama.

Ni kuwa na shara ƙarya.
Takubba na ta kaɗawa a bango, ina raɗa masa:
"Ta zauna, Baba. Ta ɗauko zare. Ga ƙullin farko."
Ya gyaɗa kai. Na kai ƙulli na bakwai
kafin wata ta waiwayo ta harare mu.

A waje ruwan bai gaji ba.
Muka fake a rumfar mai gasa kifi.
"Makaɗan nan ba su huta ba," in ji shi.
"Wa ke ɗinkin koma ana dukan ganga haka?"
Na rasa inda zan sa fuskata.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Amma kin ji filafilin?
Can farko, kafin su soma surutu,
yadda katako ke kuka in jirgi ya ɗau nauyi.
Shafi ɗari bakwai, mutumin bai san kukan nan ba.
Bai taɓa tuƙi ba, na daɗe ina zarginsa.
Cikin masu fim ɗin nan akwai ɗan masunta."

Da dare ya ce in ɗauko littafin.
Da kansa ya buɗe a inda ya saba.
"Dakata." Ya lalubo kujerar katako,
ya jingina, ya danna, har ta ce ƙiii.
"To, yanzu karanta."

Na fara. Tsohuwar ta ƙi zuwa.
Yarinyar majigi ce zaune a bakin gaɓa,
tana gyara gashi, zare na zame mata.
Na kore ta, ta dawo a shafi na gaba.

Na ɗaga kai na dubi Baba.
Yatsunsa sun riga ni ƙulli uku.
Tasa tana nan, da haƙoranta shida.